Rawayan Fenti a Jikin Akwatin Auta

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba", to ga shi nan, ku sarara min in sha ruwa. Ke kuma baiwar Allahn da kika ce za ki zo har gida ki karɓe wayar ki ƙarasa labarin da kanki, ina nan ina jiranki, ki taho da cajarki don tawa ta mutu.

Waɗanda yau suka shigo, ga inda muka tsaya. Auta tela ce, a kan ɗan babur ɗinta take kai wa mutane ɗinkinsu. Tana tsaye a danja motar kamfanin sabulu ta kwashe ta ta baya, ƙafar damar da take taka keken ɗinki da ita ta karye. An yi mata aiki ɗaya, saura na biyu, kuma likita bai ɓoye mata ba: in ba a yi shi da wuri ba gwiwar za ta sandare, ita da keken ɗinki sai dai kallo. Kamfani ya ce sam, motarsu a tsaye take, Auta ce ta zo da gudu ta afka mata. Jiya aka sallamo ta daga asibiti. Yau Barista, lauyar da Auta ta daɗe tana yi wa ɗinki, ta zo gidan don ta ga babur ɗin da idonta.

* * *

"Ku rufe ido! Kowa ya rufe ido!"

Muryar Yaya ce daga bakin ƙofa. Shi ne babban wan Auta, bakanike, mutumin da ko wankan sabulu goma ya yi sai ka ji ƙanshin man inji a jikinsa.

Auta tana zaune a tsakar gida kan kujerar roba, ƙafar da ke cikin siminti a miƙe bisa wata kujerar, sandunanta jingine da bango. Inna, mahaifiyarsu, tana gefe tana ninke wanki. Barista kuwa ta riga ta fito da wayarta ta kunna kamara.

Ya turo babur ɗin lulluɓe da tsohon zanen gado, bakin nan har kunne.

"Auta, kin shirya?"

"Yaya, don Allah buɗe. Anti Barista tana da wajen zuwa."

Ya fizge zanen.

Jama'a, babur fa ya sha gyara. Sheƙi yake ta ko'ina, ko ƙuda ya sauka sai santsi ya kwashe shi. Sabuwar taya, sabuwar fitila, sabuwar salansa, ledar kujera ma ba a cire ba.

Inna ta saki rigar da ke hannunta.

"Kai, Babba! Allah Ya yi maka albarka. Wannan ai ya fi lokacin da aka saye shi."

Barista ta ƙura wa babur ɗin ido. A hankali ta sauke wayar.

"Wannan wane babur ne?"

"Nata ne mana."

"Wanda aka buge ta a kai?"

"Shi ne wallahi. Ni kaina da na gyara sai na duba lamba nake yarda."

Barista ta nemi bakin baranda ta zauna, ta dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Murmushin Yaya ya fara zamewa. Ya kalli Inna, ya kalli Auta.

"Lafiya? Kalar ce ba ta yi ba? Ai irin ta da ce na sa."

"Malam, zo ka ji." Barista ta ɗago, muryarta a sanyaye. "Su sun ce ita ce ta buge su. In haka ne, gaban babur ne zai lotse. Ita ta ce su suka buge ta. In haka ne, baya ne. Waɗanda suka gani da ido duk sun watse, kowa na gudun a kira shi kotu. Babur ɗin nan shi kaɗai ne shaidar da ba ya jin tsoron kowa."

"Baya ne!" Yaya ya ɗaga murya. "Na rantse da Allah baya ne! Wilin baya naɗewa ya yi, salansa ta shige ciki. Gaba ko ƙwarzane babu, in ka ɗauke madubi ɗaya da ya fashe da ya faɗi."

"Ka ɗauki hoto?"

"Hoto?" Ya ware ido. "In ɗauki hoton abin da ya kusa kashe min ƙanwa? In ajiye a wayata ina kallo?"

"To shi ke nan."

"Ni zan faɗa a kotu. Da bakina."

"Za su ce wanta ne, dole ya faɗi haka."

Barista ta yi ajiyar zuciya, ta sake gwadawa.

"Ba a rasa ba tukuna. Ku bakanikai na san halinku, ba kwa zubar da tsohon ƙarfe. Ko noti ne sai kun jefa shi a gwangwani. Ina tsofaffin kayan da ka cire? Wilin nan da salansar sun ishe ni."

Yaya ya kai hannu yana sosa bayan kunne.

Duk gidan an san wannan sosar. Tun suna yara, in ya fasa abu ya ɓoye, da ita ake kama shi. Auta ta zuba masa ido.

"Yaya."

"Na'am."

"Kalle ni."

Ya ƙi.

"Kai da ka sayar da injin ba da iskanka aka yi min aikin farko. A ina ka samo sababbin kayan nan?"

Ya ci gaba da sosa kunne.

"Da kai nake, Yaya."

"Manajan ne," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Wane Manaja?"

"Na kamfanin."

Inna ta dafe ƙirji. Barista ta rufe ido.

Daga nan maganar ta ɓalle masa, ya dinga zubo ta kamar an buɗe famfo.

"Har gareji ya same ni. Ya zauna a kan bencina da fararen kayansa, bai ko kakkaɓe ba. Ya ce ƙanwarka ƙanwata ce. Ya ce a ajiye maganar waye mai laifi, a fara tayar mata da abin neman abincinta. Washegari sai ga kaya a kwali, komai sabo dal. Ya ce amma dokar sitonsu, sabo ba ya fita sai tsoho ya shiga. Ni kuma na ga ai ƙarafuna ne da suka mutu, me zan yi da su? Da hannuna na loda musu a mota."

"Allah Ya saka," Barista ta ce. "Kamfanin sabulu kam, wanki ai sana'arsu ce."

Ba wanda ya yi dariya.

Yaya ya zo ya tsuguna a gaban kujerar Auta, ƙaton mutum, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ni dai so nake in kin dawo kada idonki ya sauka a kan jinin nan. Jininki ne fa a jikin tanki, Auta. Ni na wanke shi, ina wankewa ina kuka. Ban san shaida nake wankewa ba."

Ni mai ba ku labari, a nan kam na rasa wanda zan tausaya wa. Auta ta so ta yi masa ihu, ta so ta ɗauki sanda ta maka masa. Amma ta dubi hannayen nan da suka goya ta zuwa makaranta, suka kwana suna yi mata fifita a asibiti, sai ta fasa. Baƙin ciki ya cika ta, amma ba haushinsa take ji ba.

"Tashi, Yaya," ta ce. "Ba kai ka buge ni ba."

"Salamu alaikum!"

Ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Manaja ne da kansa, da ledar 'ya'yan itace a hannu ɗaya, farin ambulan a ɗayan. Ya rusuna har ƙasa gaban Inna.

"Mama, ina wuni? Ya mai jiki? Kai, ƙanwata, sannu. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba."

"Sannu da zuwa, ɗan nan," Inna ta ce, ta jawo masa kujera. Kun san Inna, ko wanda ya taka ta ne ya yi sallama sai ta ba shi ruwa.

Idonsa ya sauka kan babur. Ya yi wani murmushi har da gyaɗa kai.

"Masha Allah. Oga, hannunka yana da albarka."

Yaya ya kau da kai, jijiyar wuyansa ta tashi.

Manaja ya zauna, ya ɗora ambulan a gwiwa, ya zaro wata takarda daga aljihu.

"Ba zan cika ku da surutu ba. Kamfani ya duba, duk da ba mu da laifi, ya ga ya kamata a tausaya. Ga ɗan abin da ya samu. Sai ƙanwata ta sa hannu a nan, a rufe magana, zumunci ya ɗore."

"Miƙo in gani," Barista ta ce.

Ya juyo kamar yanzu ya lura da ita.

"Hajiya fa? 'Yar uwa ce?"

"Lauyarta ce."

Murmushin bai tafi ba, amma ya bushe a inda yake.

"Haba, har abin ya kai ga lauya? Mama, da saninki?"

Inna ta gyara zama, ta dubi 'yarta.

"Auta, mutum ya tako har gida. Abin da ya faru ya riga ya faru, ƙaddara ce. Mu ba mu gaji shari'a ba, ubanku har ya koma ga Allah bai san ƙofar kotu ba. Ki karɓa, ki yafe, Allah Ya ba ki lafiya."

"Inna, na yarda da ƙaddara."

"To."

"Amma wadda ta same ni tana da lambar mota, kuma rawaya ce."

"Ke Auta! A gaban baƙo?"

"Ki yi haƙuri, Inna." Ta juya ga Manaja. "Ranka ya daɗe, tambaya zan yi. Abin da ke cikin ambulan ɗin nan zai yi min aiki na biyu?"

"Zai rage hanya."

"Zai yi, ko ba zai yi ba?"

"To... ba duka ba."

"In na sa hannu, gobe gwiwar ta sandare, in zo wajenka?"

Ya yi gyaran murya.

"Ai takardar ta ce an rufe magana."

"To ba ta rufu ba."

Barista ta gama karanta takardar, ta ninke ta miƙa masa da yatsu biyu. Sannan ta matsa kusa da Inna ta sassauta murya.

"Mama, ki ji ni da kyau. Yafiya tana tsakaninta da Allah, in ta ga dama ta yafe wa direban yau ɗin nan, ba wanda zai hana ta. Diyya kuwa ba roƙo ba ce, ba kuma mugunta ba ce. Haƙƙinta ne. Duk abin da aka kashe a asibiti, da wanda za a kashe nan gaba. Ɗinkin da ta rasa tun da ta kwanta. Wanda za ta rasa in ƙafar ba ta koma daidai ba. Har azabar da ta sha, doka ta san da ita."

"Mu tsiyata bawan Allah kenan?" Inna ta ce.

"Ba daga aljihunsa za ta fito ba. Motarsu tana da inshora, don irin wannan ranar ake yin ta." Ta ɗago ta zuba wa Manaja ido. "Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Me ya sa kuka gwammace ku yi ta zarya da leda da ambulan, maimakon ku sanar da masu inshora? Sai dai in akwai abin da ba kwa so su gani a jikin motar."

Manaja ya ƙifta ido sau biyu. Ya miƙe tsaye, ya mayar da takardar aljihu. Muryar "Mama ina wuni" ta tafi, wata ta zo.

"Barista, kin fi ni sanin kotu ba ta cin zato. Da me za ki je? Direbanmu ya ba da bayaninsa. Motarmu ga ta can tana aiki, ba tabo." Ya taka zuwa babur ɗin ya ɗan bubbuga kujerar. "Ga kuma babur, lafiyarsa ƙalau. Ki nuna min inda aka buge shi."

Yaya ya yunƙura. Inna ta riƙe masa riga.

"Babba, kul!"

"Yau ambulan ɗin nan yana nan," Manaja ya ci gaba. "Gobe ban sani ba. Ƙanwata, ki yi tunani. Shari'a tana cin lokaci, gwiwa kuma ba ta jira."

Wannan maganar ta soki Auta, don gaskiya ce. Ta sunkuyar da kai. Tana tuna kekenta da ke shago a lulluɓe, da atamfofin mutane da ke jibge a kan tebur, wasu an yanka ba a haɗa ba. Ta ɗago don ta guje wa idon Inna, sai idonta ya sauka a bayan babur, daidai inda hannun Manaja yake.

Akwatin roba ne baƙi a wajen. Sabo.

Nata ba na roba ba ne. Na ƙarfe ne, kore, Yaya ya ƙera mata shi ranar da ta buɗe shago, ya shimfiɗa masa soso a ciki don kada guga ta lalace a hanya.

"Yaya, ina akwatina?"

Barista ta juyo da sauri, tana yi wa Yaya alama da ido ya yi shiru. Ina! Yaya ai bai san yaren ido ba.

"Shi kam ban ba su ba," ya ce da ɗaci. "Ba kayan kamfani ba ne, ni na yi shi da hannuna. Ɓoye shi na yi a bayan gareji. Yau da safe na kai wa mai walda ya buge lotsawar, ya kankare rawayan fentin nan da ya ɓata shi, in mayar miki da abinki."



"Wane rawayan fenti?" Auta ta tambaya a hankali.

"Na motar mana. Duk bayan akwatin ya shafe. Har da wani ɓallen gilashin fitila da ya shige cikin ƙarfen, na yi na yi ya ƙi..."

Ya tsaya. Bakinsa ya kasa rufuwa. Sai yanzu ya ji abin da yake faɗa.

Manaja ya lalubo wayarsa ya kara a kunne, wayar da ko haske ba ta kawo ba.

"Alo? Alo? Ba na ji, bari in fito."

Ya fice da sauri, ya bar leda da ambulan a kan kujera.

"Kira mai waldan!" Barista ta daka tsawa. "Yanzu!"

Yaya ya danna wayarsa. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake. Ta katse.

"In yana aiki ba ya jin waya. Cewa ya yi da ya gama ƙofar da ke hannunsa zai sa masa guduma."

"Manaja ya san wajen?" Barista ta tambaya.

"Layin masu walda ɗaya ne. Kowa ya san wanda nake kai wa aiki."

Barista ta zari makullin motarta ta yi waje. Ba a jima ba ta dawo tana huci.

"Manaja ya toshe ni. Ya ajiye motarsa a bayan tawa, ya kulle, ya yi gaba da ƙafa yana waya."

Yaya bai jira ba. Ya haye babur ya taka. Injin ya ɗauka da bugu ɗaya.

Ƙarar ta shiga jikin Auta har ƙashi. Tun a gadon asibiti ta rantse ita da babur har abada, ko wucewa ya yi ta taga sai ta toshe kunne. Yanzu ma zufa ce ta keto mata, tsakar gidan ta ɗan juya.

"Tsaya, Yaya."

"Auta, lokaci!"

"Na ce ka tsaya. Inna, miƙo min sandunana."

"Ki yi me da su?"

"Tare za mu."

"Ba ki da hankali? Da wannan ƙafar?"

"Saboda ita zan je."

Barista ta matso. "Auta, bari ya je shi kaɗai. Likita ya ce..."

"Anti, ina kwance aka ɗauke babur ɗina. Ina kwance aka wanke shi, ina kwance aka ba da kayansa. Kowa yana yi min abin da yake ganin alheri ne, ba wanda ya tambaye ni." Ta dubi wanta. "Kai kuma Yaya, ka yafe ni, da murmushi ake sayenka. Wani zai ce maka ƙanwarka ƙanwata ce, ka ɗauki akwatin ka sa masa a mota."

Yaya ya sunkuyar da kai. Bai musa ba.

"Akwatina ne. Ƙafata ce. Duk wanda zai ɗauke shi yau, sai dai ya ɗauka ina kallonsa."

Inna ta daɗe tana duban 'yarta, kamar yau ta fara ganinta. Sannan ta juya ta shige ɗaki. Auta ta ɗauka fushi ta yi. Sai ga ta ta fito da hular kwano da wani dogon ɗankwali.

Da hannunta ta kifa mata hular ta ɗaure igiyar. Ita da Barista suka tallafe ta suka zaunar da ita a karkace. Inna ta tsuguna ta ɗaure ƙafar simintin da ɗankwalin don kada ta yi lilo, ta ja ƙullin da haƙori.

Ta miƙe, ta ɗauki ambulan ɗin Manaja ta cusa cikin ledar 'ya'yan itacensa, ta kai bakin ƙofa ta dire a waje.

"Babba."

"Na'am, Inna."

"In ka kayar min da ita kada ka dawo gidan nan."

Barista ta riƙo hannun Auta tana magana da sauri.

"Ki ji. Kada ku goge komai, kada ku ciri gilashin. Hoto za ki fara ɗauka ta kowane gefe, da mai waldan a tsaye kusa da shi. Kada ki yi faɗa da kowa. Zan tari tasi, ina bayanku."

Suka fita.

Auta ta rungume sandunan da hannu ɗaya, ɗayan ta damƙe rigar Yaya. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji shi a gwiwa kamar an soka mata ƙusa. Ta cije leɓe. Da suka iso danjar nan, wajen da abin ya faru, sai fitila ta ba da ja. Yaya ya tsaya. Wata babbar mota ta taho ta bayansu tana huci, ta ja birki.

Auta ta ƙanƙame shi, ta runtse ido.

"Auta? Mu koma?"

"Ka kalli gabanka."

"Kina kuka fa."

"Na sani. Ka kalli gabanka."

Fitila ta ba da hannu, suka wuce.

Tun daga kwana suka fara jin layin masu walda, guduma na amsa guduma, tartsatsi na tashi ta ko'ina. Ƙofofi da tagogin ƙarfe jingine a bango, ƙasa baƙa ƙirin da gawayi da mai. Yaya ya kutsa tsakanin wani amalanke da tulin rodi.

Sai ya taka birki da ƙarfi.

"Auta..."

Ta leƙo ta gefen kafaɗarsa.

Mota rawaya ce tsaye a ƙofar rumfar mai waldan, inji a kunne, ƙofar direba a buɗe. Ba sai an gaya mata ba. Ta san lambar nan, ita ce abu na ƙarshe da ta gani kafin ta suma. Fitilar gaba ta hagu sabuwa ce, ta fi 'yar uwarta haske.

Mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa ya taho yana goge hannu.

"Oga, ka zo daidai. Ban kai ga taɓa shi ba. Wannan bawan Allahn ya ce kai ka aiko shi ya karɓa."

Wani mutum ya fito daga rumfar, siriri, furfura ta fara cin gemunsa, rigar kamfanin sabulu a jikinsa. Ya rungumo koren akwati a ƙirji. Bayan akwatin ya lotse, rawayan fenti ya shafe shi, ɓallen gilashin yana ƙyalli a rana.

Direban ne.

Taku kaɗan ne tsakaninsa da ƙofar motar.

Yaya ya yunƙura zai diro. Auta ta matse masa kafaɗa.

"Kwance min ƙafar."

"Auta, bari in..."

"Kwance min, Yaya."

Ya kwance ɗankwalin. Ta zuro sandunan ƙasa, ta zamo a hankali, ta tsaya da ƙafa ɗaya. Zafi ya tsarga mata har ƙwaƙwalwa, ba ta bari ya fito a fuskarta ba. Ta dogara, ta ja jiki, ta sake dogarawa. Gudumomin layin suka dinga yin shiru ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙofar motar. Ta juya ta jingina bayanta da kujerar direba, ta tare hanya.

Mutumin bai motsa ba. Idonsa ya sauka a kan simintin, daga cinya har yatsu. Ranar da abin ya faru bai fito daga mota ba, yau ce rana ta farko da ya ga aikinsa.

"Ke ce?" ya faɗa.

"Ni ce, Baba."

"Cewa aka yi... cewa aka yi targaɗe ne."

"Ga targaɗen nan, ka gani."

Wayar da ke aljihun rigarsa ta fara ruri. Ta cikin yadin ana hango hasken. Bai ɗauka ba, hannayensa biyu suna kan akwatin. Ta katse, ta sake ɗauka.

"'Yata, ina da iyali," ya ce. "Na gaya musu birkin nan. Wallahi na sha gaya musu..."

Ya haɗiye sauran.

Auta ta saki sanda ɗaya ta faɗi ƙasa. Ta miƙa masa hannu.

"Ba ni akwatina."

Wayar tana ta ruri. A can bakin layi wata tasi ta shawo kwana da gudu, ta ja birki, aka buɗe ƙofa.

Direban ya waiga ya ga mai fitowa. Ya juyo ya dubi hannun Auta.

Sai ya ɗaga ƙafa, ya tako wajenta.